Kayan Zaƙi na Hatsi Marasa Gashi: Haɗa Su Tare da Yara a Lokutan Biki a Jikwoyi

Kayan zaƙi na hatsi marasa gashi su ne kayan maƙulashen da ake haɗawa daga soyayyen hatsi ko fasasshe, a riƙe shi da wani abu mai danƙo, sannan a dunƙula ko a yanka, ba tare da an kai shi tanderu ko obin ba. A ƙasar Hausa, nakiya da dakuwa da kantu da dunƙulen gugguru duk 'yan wannan gida ne. Riɗi da gyaɗa da aya ba hatsi ba ne a lissafin manomi, amma a madafa aikin hatsi suke yi, shi ya sa ake lissafa su tare. A 'yan shekarun nan an samu ƙarin wasu nau'o'i da ake yi da hatsin kwali, wato konfiles da danginsa.

Kowane nau'i ginshiƙi biyu gare shi: jiki da maɗauri. Jiki shi ne hatsin, wanda ke ba da ƙamshi da garas-garas a baki. Maɗauri shi ne abin da ke riƙe hatsin wuri guda, kamar narkakken sukari, zuma, mazarƙwaila, dabino, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko cakulan. Maɗaurin da aka zaɓa shi ke yanke hukunci a kan abubuwa uku: yawan wutar da aikin ke bukata, irin aikin da za a iya bar wa yaro, da kuma kwanakin da abin zai yi bai lalace ba. Rashin gashi kuwa ba ya nufin rashin wuta, domin yawancin nau'o'in sai an soya hatsi ko an narkar da sukari.

Dacewarsu da gidajen Jikwoyi

Jikwoyi na cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, a kan hanyar da ta tashi daga Nyanya ta ratsa Karu ta nufi Kurudu da Orozo har zuwa Karshi. Asalin yankin na Gbagyi ne, amma yau mazaunansa sun fito daga kowane sashe na Najeriya, akasarinsu ma'aikata da 'yan kasuwa masu sammakon shiga cikin birni. Musulmi da Kirista na zaune katanga ɗaya, saboda haka bukukuwan unguwar sun haɗa da Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi da Kirsimeti da Ista, kuma a kowannensu akan miƙa wa maƙwabci kwano.

Gidajen haya da dama ɗaki ne da falo, madafar ba ta wuce ƙaramar tukunyar gas ko risho ko murhun gawayi ba. Ba kowane gida ke da obin ba, mai amfani da lantarki kuma yana jiran ranar da aka kawo wuta. Kayan zaƙi marasa gashi ba su bukatar komai sai kasko da muciya da turmi da faranti. Sun kuma fi cincin da dubulan sauƙin haɗari, tunda babu tafasasshen mai a kasko. Kayan haɗin ma a kusa suke. Ana samun gyaɗa da aya da dabino da masarar gugguru a kasuwannin Karu da Nyanya da Mararaba, kuma jihar Nasarawa da ke maƙwabtaka tana cikin manyan masu noman riɗi a ƙasar nan, tare da Jigawa da Binuwai.

Na gado da na kwali

Nakiya ita ce uwar gidan wannan fanni a wurin Hausawa. Da garin shinkafa ake yin ta, da man shanu da zuma ko sukari, da kayan yaji kamar citta da kanumfari da kimba da masoro. Tare da alkaki da dubulan take shiga garar amarya, kuma abin da ya ba ta wannan matsayi shi ne tana iya yin watanni ba ta canja ba. Dakuwa ta fi ta yawo: ana yin ta a ƙasar Hausa da ƙasar Nufawa da ta Yarabawa har zuwa Gana, kowane wuri da sunan da yake kiranta da shi. Kantu kuwa riɗi ne ko gyaɗa da aka daskarar cikin narkakken sukari.

Hatsin kwali daga Amurka ya samo asali. A 1894 wasu 'yan'uwa biyu, John Harvey Kellogg da Will Keith Kellogg, suka gano hanyar lallatsa dafaffen hatsi ya koma ɓawo-ɓawo a garin Battle Creek na jihar Michigan. Da alkama suka fara kafin su koma masara, kuma a 1906 ƙaramin ya kafa kamfanin da daga baya ya ɗauki sunansu. Kamfanin ya fito da fasasshiyar shinkafa mai suna Rice Krispies a 1928. A 1939 ma'aikatansa biyu, Mildred Day da Malitta Jensen, suka haɗa wannan shinkafa da bota da narkakkiyar alewar mashmalo, abin da ya zama sanannen maƙulashen yara a can. A Birtaniya da konfiles da cakulan ake yin irinsa lokacin Ista, a siffanta shi kamar sheƙar tsuntsu. A Indiya kuma akan dunƙula riɗi da irin tasu mazarƙwailar a bikin Makar Sankranti na watan Janairu. Dabarar dai ɗaya ce a ko'ina, kayan haɗin ne kowa ke ɗauka daga gonarsa.

A Najeriya, konfiles na kamfanin NASCO da ke Jos da Golden Morn na Nestlé, wanda ake yi da masara da waken suya, suna cikin waɗanda suka fi shiga gidaje. Hatsin kwali ya rage wahalar surfe da suya da niƙa, amma ya fi mudun masara tsada nesa ba kusa ba, kuma galibi da sukarinsa yake zuwa.

Yadda maɗauri ke aiki

Maɗauri iri huɗu ne. Na farko shi ne sukari da danginsa. Idan aka dafa sukari da ruwa, ruwan kan riƙa tashi, zafin na ƙaruwa, kuma matakin da aka sauke shi ne ke nuna yadda zai daskare. Tsakanin digiri 112 zuwa 116 a ma'aunin Salshiyas yakan ba da dunƙule mai laushi. Daga 121 zuwa 130 dunƙulen kan yi tauri amma yana lanƙwasuwa. Wajen 150 kuwa yakan bushe ya riƙa karyewa kamar gilashi. Masu sana'ar ba ma'auni suke amfani da shi ba: ɗigo ɗaya suke sakawa a kofin ruwan sanyi, su taɓa da yatsa su ji. 'Yan ɗigon lemun tsami ko ruwan tsamiya a cikin tukunyar na hana sukarin komawa tsaki-tsaki bayan ya huce, domin tsamin na raba wani ɓangare nasa gida biyu. Mazarƙwaila, wadda yankin Maƙarfi na jihar Kaduna ya yi suna da ita, haka take aiki, sai dai ta fi ƙamshi kuma ta fi saurin jan danshi.

Na biyu shi ne man da ke cikin ƙwaya. Soyayyiyar gyaɗa kusan rabin nauyinta mai ne. Idan aka yi ta dakanta, man kan tsattsafo ya jiƙa garin da ke tare da ita har ya kama jikinsa. Wannan shi ne sirrin dakuwa.

Na uku shi ne 'ya'yan itace masu danƙo, musamman dabino. Maɗauri ne da ba ya bukatar a ɗora shi a wuta. Dabinon Nijar da na yankin Dutse busasshe ne, sai an jiƙa shi a ruwan ɗumi na kamar minti 20 kafin ya daku. Lokacinsa ma ya dace, domin a ƙarshen azumi da wuya a rasa ragowar dabinon buɗa-baki a gida.

Na huɗu shi ne kitse mai daskarewa, wato cakulan da bota. Man koko da ke cikin cakulan na narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum. Abin da ya sa yake narkewa a baki ke nan, kuma shi ne rauninsa a ƙasa mai zafi.

Alewar mashmalo tsakanin na farko da na huɗu take, amma tana da wata matsala ta daban. Da sinadarin jelatin ake yin ta, wanda kaso mai yawa nasa a duniya daga fatar alade ake samo shi, saura kuma daga shanu ko kifi. Gidan da ke kiyaye halal sai ya duba bayanin da ke jikin leda, ko ya koma ga zuma da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, waɗanda ke riƙe hatsi daidai gwargwado.

Hanyoyin haɗawa

Awon da ya fi sauƙi shi ne gwangwanin madara, wanda ba a rasa shi a kowace madafa.

Dunƙulen dabino shi ne mafi sauƙi. Akan cire ƙwallon dabino cikin gwangwani biyu, a jiƙa, a tsane, a daka har ya zama kamar ƙulli. Sai a zuba rabin gwangwani na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da gwangwani biyu na murƙusasshen konfiles ko soyayyen garin gero, da ɗan gishiri. A cakuɗa, a mulmula kamar girman goro, a birgima shi cikin soyayyen riɗi ko gogaggiyar kwakwa. Idan ya yi ruwa a ƙara hatsi, idan yana wargajewa a ƙara dabino.

Dakuwa na bukatar suya tukuna. Akan soya gyaɗa a murje ɓawonta a fece, a soya aya ko masara daban har ta yi ja, a niƙa ta a tankaɗe. Sai a haɗa garin da gyaɗar a turmi, awo ɗaya-ɗaya, da sukari da gishiri da garin citta da ɗan barkono, a yi ta daka har ta fara maiƙo. Alamar ta yi ita ce a damƙa a tafin hannu ta tsaya. Ba a saka mata ruwa, domin ruwa ne ke jawo mata funfuna.

Nakiya ta fi su cin lokaci. Akan wanke shinkafar tuwo a shanya ta bushe, a niƙa, a soya garin a wuta kaɗan-kaɗan har ya canja launi ya yi ƙamshi. A gefe guda a dafa sukari ko zuma har ya fara yin zare a tsakanin yatsu, a zuba man shanu. Sai a haɗa da garin da dakakkun kayan yaji, a kirɓa a turmi har ta yi sumul, a dunƙula.

Kantu aikin gaggawa ne. Akan wanke riɗi a rairaye tsakuwarsa, a shanya, a soya har ya fara tsalle a kasko. Gwangwani ɗaya na sukari kan ɗauki biyu na riɗi. Da zarar sukarin ya narke ya yi ruwan zuma, a juye riɗin a juya da sauri, a kife a tire da aka shafa wa mai, a murza da kwalba, a yanka tun da sauran ɗumi. Wanda ya bari ya huce sai dai ya fasa.

Dunƙulen gugguru da masarar gugguru ake yin sa, wadda ɓawonta mai tauri ke tsare ɗan ruwan da ke cikinta har sai zafi ya kai wajen digiri 180, tururin ya fasa ta. Bayan an fasa, dole a tsince ƙwayoyin da suka ƙi fashewa, domin suna iya karya haƙori. Sai a kwarara dafaffiyar mazarƙwaila ko sukari a kai, a juya, a bari zafin ya sauka, a dunƙula da hannun da aka shafa wa mai.

Konfiles mai cakulan ba ya son wuta kai tsaye. Akan ɗora kwano a kan tukunyar ruwan zafi, a narkar da cakulan giram 100 da bota giram 50 da zuma cokali biyu, a sauke, a zuba konfiles kimanin giram 100, a juya a hankali kada ya murƙushe. A ɗiba da cokali a jera a faranti, a ajiye a wuri mai sanyi ya kama.

Rabon aiki tsakanin babba da yaro

Ka'idar guda ce: wuta da wuƙa na babba ne, hannu da ido na yaro. Ɗan shekara 3 zuwa 5 na iya murƙushe konfiles a cikin leda, ya zuba abin da aka auna masa, ya birgima dunƙule cikin riɗi. Daga 6 zuwa 9 yaro kan iya awo da gwangwani, cire ƙwallon dabino, murje ɓawon gyaɗa, tankaɗe da mulmula. Daga shekara 10 zuwa sama ana iya ba shi taɓarya, da juya gari a kasko idan babba na tsaye a kansa. Narkar da sukari da juye kantu ba a barin su ga yaro ko da ya girma.

Tsarin wuri na rage rabin haɗarin. Akan gama duk aikin wuta kafin a kira yara, ko a shimfiɗa musu tabarma nesa da murhu, a riƙa kai musu abin da ya huce. Kowa ya wanke hannu da sabulu, a yanke farce, 'yan mata su ɗaure kai. Yin aikin kwana ɗaya ko biyu kafin biki ya fi, domin ranar jajibiri madafa cike take da tuwo da miya da waina, uwa kuma ba ta da idon da za ta raba.

Amfanin da yaro ke samu ya wuce abin da ya shiga bakinsa. Awo da gwangwani darasi ne na rabi da kwata. Raba dunƙule 40 ga gidaje 8 lissafi ne da ba ya bukatar allo. Ganin sukari ya narke ya sake daskarewa ilimin kimiyya ne a aikace. A unguwa irin Jikwoyi, inda yara da yawa ke tasowa nesa da kakanninsu, a irin wannan zama ne yaro ke koyon bambance kimba da masoro, ya kuma san nakiya ba a shago take tsirowa ba. Maza da mata duk sun cancanci shiga, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwan kiyayewa

Ƙuna ce haɗari na farko. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi, kuma yana manne wa fata ya ci gaba da ƙona ta. Idan hakan ta faru, akan kwarara ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti 20, a rufe da tsumma mai tsabta. Ba a saka ƙanƙara ko man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja. Ƙunar da ta yi faɗi, ko ta shafi fuska ko hannu, asibiti ake kai ta.

Shaƙewa ce ta biyu. Gugguru da ƙwayar gyaɗa da alewa mai tauri na iya toshe maƙoshin ƙaramin yaro, shi ya sa likitocin yara ke hana ba da su ga wanda bai kai shekara 4 zuwa 5 ba. Ƙanana sai a ba su mai laushi, a marmasa, su ci a zaune. Jaririn da bai cika wata 12 ba kuwa ba a ba shi zuma sam, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kashe ƙarfin jijiyoyinsa.

Gyaɗa da riɗi na cikin abincin da jikin wasu ke ƙi. Alamomin sun haɗa da ƙaiƙayi da borin jini da kumburin leɓe da wahalar numfashi, kuma na ƙarshen na bukatar asibiti nan take. Tunda kayan biki gida-gida ake kai su, ya kamata a riƙa faɗa wa maƙwabci abin da ke cikin kwanon.

Gyaɗa da masarar da aka ajiye cikin danshi kan kama funfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke illa ga hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Maganinta tsinta: a fitar da duk ƙwayar da ta motse, ta canja launi ko ƙwaro ya huda. Yara sun fi manya ido a wannan aiki. Kayan kwali kuma a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsu.

Sai batun yawan zaƙi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, kuma in an rage zuwa kashi 5 ya fi, wato kimanin giram 25 ko ƙaramin cokali 6 ga baligi. Zuma ma na cikin lissafin. Yaron da ke yawon Sallah gida biyar zai sha lemun kwalba ya kuma karɓi alewa, saboda haka ƙananan dunƙule sun fi manya, kuma goge haƙori kafin barci ba abin sakaci ba ne bayan cin abu mai danƙo.

Yanayi, ajiya da rabo

Sukari na jan danshi daga iska, cakulan na gudun zafi, saboda haka lokacin biki ne ke zaɓen abin da ya dace a yi. Kirsimeti cikin hunturu take faɗowa, iska a bushe, safiya da sanyi. Kantu da gugguru kan riƙe garas ɗinsu, cakulan ma kan kama ko babu firji. Sallah kuwa tana matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Abuja kan haura digiri 35 da rana. A irin wannan lokaci cakulan kan narke tun kafin kwano ya isa gidan maƙwabci, amma dakuwa da nakiya da kantu ba ruwansu. Babbar Sallar shekarar ta zo ranar 6 ga Yuni, cikin damina, lokacin da gugguru da konfiles kan yi laushi cikin yini guda idan an bar su a buɗe. Dogon hutun makaranta na watan Agusta ma haka yake, kuma a nan dabino da dakuwa sun fi rufin asiri.

Ba a rufe komai sai ya huce sarai, domin tururin da ya maƙale a murfi shi ke komawa ya jiƙa abin. Roba ko kwalba mai murfin da ba ya shigar da iska ta fi. Nakiya kan yi watanni, kantu makonni biyu ko fiye a lokacin rani, dakuwa kimanin mako guda. Dunƙulen dabino, saboda jiƙon da aka yi masa, kwana biyu zuwa uku yake yi a waje, mako guda a firji. Konfiles mai cakulan da dunƙulen gugguru sun fi daɗi cikin kwana biyu na farko. Duk abin da ya canja wari ko ya fito da fari-fari a jikinsa zubarwa ake yi.

Wajen rabo, akan ƙulla uku-uku ko huɗu-huɗu a farar leda mai tsabta, ko a jera a ƙananan robobi. Takardar jarida ba ta dace ba, domin tawadarta na bin maiƙo ta shiga abinci. Akan ware masu gyaɗa da riɗi daga marasa su, a kuma ware masu tauri daga masu laushi, domin yaran da aka aika da kwano su san wanda za a iya miƙa wa ƙananan gidan da wanda ke na manya.